Dokar Mafi Ƙarancin Albashi da Mutanen da Ta Tsallake

 Sharhinmu na yau a kan dokar mafi ƙarancin albashi yake, watau dokar nan da hukuma ke yanke iyakar abin da ya halatta a biya mutum ladan aikinsa, har ya zama duk wanda ya biya ƙasa da haka ya saɓa doka, ko da kuwa ma'aikacin ne da bakinsa ya ce ya ji ya yarda.

Ranar 29 ga watan Yuli na 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata, bayan an shafe kusan wata shida ana kai ruwa rana tun daga ranar da aka naɗa kwamitin mutum 37 a ƙarƙashin Alhaji Bukar Goni Aji. Ƙungiyoyin ƙwadago sun buɗe ciniki da naira 615,000, gwamnati ta taya 48,000, aka yi ta saukowa ana hawa, har ranar 3 ga watan Yuni ma'aikata suka tsunduma yajin aikin da ya kashe wutar lantarkin ƙasa baki ɗaya, ya kuma tsai da jiragen sama a filayensu. Duk tsawon wannan muhawara, a gidajen rediyo da majalisun hira da bakin kasuwa, tambaya ɗaya ce a bakin kowa: nawa za a yanke? Ni kuwa abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da aka tsallake, wadda a ganina ta fi waccan nauyi, watau su wane ne wannan hukunci zai shafa, su wane ne kuma za su ji labarinsa a rediyo kawai, su wayi gari ladansu na nan yadda yake.

Kafin a amsa wannan, lalle ne a koma ga asalin al'amarin, domin wanda ya san dalilin da ya sa aka kafa wata ƙa'ida shi ne zai iya gane ko an kiyaye maƙasudinta ko an karkace. A ƙarshen ƙarni na 19 ne aka fara irin wannan doka, a ƙasar Niyu Zilan a 1894, sa'an nan a yankin Biktoriya na Ostireliya a 1896, inda aka kafa kwamitocin yanke lada domin masu ɗinkin tufafi da masu yin takalma da masu gashin burodi da kafintocin kayan ɗaki. Ingila ta bi sahu a 1909, zamanin da Winston Churchill ke riƙe da ma'aikatar ciniki, kuma sana'o'i huɗu kacal dokarta ta fara ɗauka: ɗinkin kayan sayarwa, haɗa kwalaye, gyaran leshi, da ƙirar sarƙa. Duk wanda ya dubi waɗannan sana'o'i zai ga abin da ya haɗa su, domin galibin masu yinsu mata ne da masakai, waɗanda ke aiki a ɗakunansu ko a 'yan rumfuna bayan gida, ana biyansu gwargwadon abin da hannunsu ya gama, ba su da ƙungiya, ba su da mai magana da yawunsu, kuma in ɗaya ta ce ladan ya yi kaɗan akwai goma a bayanta da yunwa za ta sa su karɓa.

Labarin matan garin Cradley Heath na Ingila ya isa misali. Waɗannan mata maƙera ne, suna wuni gaban wuta suna dukan ƙarfe suna ƙulla sarƙa, kuma da kwamitin sana'arsu ya yanke musu kwabo biyu da rabi a awa ɗaya a 1910, wanda ya kusan ninka abin da yawancinsu ke samu a da, sai waɗansu iyayen gidansu suka kawo musu takardu su sa hannu cewa sun yafe ƙarin na ɗan wani lokaci, alhali da yawa cikinsu ba su iya karatu ba. Da matan suka farga, suka ajiye guduma kimanin mako goma, wata 'yar gwagwarmaya mai suna Mary Macarthur tana jagorantarsu, har aka biya su abin da doka ta ce. Wannan ya nuna wa duniya tun da wuri cewa yardar mabukaci ba hujja ba ce a wannan babi, kuma in aka bar ƙofar yafewa a buɗe to dokar ta tashi a banza.

Da aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919, cikin yarjejeniyar sulhun da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, an gina ta ne a kan wani tsari da babu irinsa a sauran ƙungiyoyin duniya, inda kowace ƙasa ke aika wakilai huɗu zuwa babban taronta na birnin Janiba, biyu na gwamnati, ɗaya na masu ɗaukar ma'aikata, ɗaya na ma'aikata, kowannensu da ƙuri'arsa. A taronta na 1928 ta zartar da Yarjejeniya ta 26, wadda ta wajabta wa duk ƙasar da ta rattaba hannu ta kafa hanyar yanke mafi ƙarancin lada a sana'o'in da babu wani tsarin ciniki tsakanin ƙungiyar ma'aikata da iyayen gidansu, kuma ladan ya yi ƙasa matuƙa, tare da ambaton masu aiki a gida musamman. Ta kuma shar'anta cewa abin da aka yanke ba ya raguwa da yardar mutum ɗaya, kuma wanda aka tauye yana da ikon zuwa kotu ya karɓo ragowar hakkinsa. A 1951 aka yi makamanciyarta domin ma'aikatan gona, wato ta 99. A 1970 kuma aka yi ta 131, wadda aka tsara da ƙasashe masu tasowa a zuciya, ita ce ta yi tafsilin abin da za a duba wajen yanke adadin: bukatun ma'aikaci da na iyalinsa, tsadar rayuwa, matsayin albashi a ƙasar, sa'an nan ƙarfin tattalin arziki da bukatar kada ayyuka su ƙare, kuma ta ce a riƙa sake duba adadin lokaci bayan lokaci tare da shawarar ɓangarorin biyu.

Nijeriya ta shiga wannan ƙungiya a 1960, ta kuma rattaba hannu a kan Yarjejeniya ta 26 a 1961. Tarihin gwagwarmayar albashi a ƙasar ya riga haka, tun yajin aikin gama-gari na 1945 wanda ya kai kimanin wata ɗaya da rabi, wanda sunan Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, da na 1964 a kan rahoton kwamitin Morgan, da ƙarin albashi na kwamitin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 wanda dattawa har yau suke tuna yadda kuɗi ya cika hannun ma'aikata, kaya kuma suka yi tashin gwauron zabi a kasuwa. Amma sai a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, bayan yajin aikin da Hassan Sunmonu ya jagoranta, aka yi dokar ƙasa ta farko, aka yanke naira 125 a wata. Daga nan aka kai 250 a 1991, da 5,500 a 2000, da 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, har zuwa 70,000 ta yanzu.

To, jama'a, ga inda maganar take. Dokar da ake aiki da ita ta keɓe duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta keɓe masu aikin wucin gadi na 'yan awoyi, ta keɓe waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka gama, ta kuma keɓe masu aikin da ke bin yanayin shekara irin na gona. Idan mutum ya ɗauki wannan jeri ya aza kusa da jerin mutanen da aka ƙirƙiro dokar dominsu a Biktoriya da Ingila, da waɗanda Yarjejeniya ta 26 ta ambata, zai tarar kusan su ne dai aka bi ɗaya bayan ɗaya aka fitar. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ba da rahoton cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna cikin ayyukan da ba su da rajista ko tsarin ofis. Gaskiya ne da yawa cikin waɗannan kansu suke yi wa aiki, manoma ne da 'yan tireda da masu sana'ar hannu, waɗanda dokar albashi ba ta da abin cewa a kansu. Amma a cikinsu akwai miliyoyin da wani suke yi wa aiki yana biyansu, kuma su ne mafi rauni a cikin al'umma.

Kowa ya san su, domin da su muke kwana muke tashi. Malamar makarantar kuɗi ta unguwa, wadda ke riƙe da aji tun safe har azahar, a ba ta abin da bai kai rabin wannan adadi ba, in an yi hutu kuma a ce babu albashi tun da yara ba su biya ba. Maigadin da ke kwana a bakin ƙofa cikin sanyi da sauro. 'Yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye, wadda ko ladan nata ba hannunta yake shiga ba. Yaron shago, da ma'aikacin gidan burodi da ke kwana gaban tanda, da mai ba da mai a gidan mai, da leburan gini masu ɗaukar kwanon kankare zuwa hawa na uku, da matan da ke wuni suna tsintar riɗi da zoɓo a ɗakunan ajiya ana auna musu lada da buhu, da 'yan ƙwadagon da ke bin gonaki lokacin noma da girbi. Har a manyan masana'antu, inda ma'aikata suka haura 25 nesa ba kusa ba, an san dabarar ɗaukar mutane ta hannun ɗan kwangila a matsayin 'yan wucin gadi, mutum ya shekara biyar yana aiki ɗaya a wuri ɗaya amma sunansa ba ya cikin littafin kamfani. Dokarmu ta zama kamar wanda ya ɗauki bargo cikin hunturu ya lulluɓa wa na kusa da wuta, ya bar na bakin ƙofa.

Kada a fahimce ni da cewa ma'aikacin gwamnati yana cikin ni'ima, domin ba ya ciki, kuma ƙungiyoyin ƙwadago sun cancanci yabo bisa abin da suka ƙwato da gumi da ɗauri tun zamanin Turawa. Naira 125 ta 1981 ta kai kimanin dalar Amurka 200 a canjin wancan lokaci, alhali 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba ranar da aka sa mata hannu. An yanke ta ne a lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100, ta abinci kuma ta haura kashi 40, bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin darajar naira, har buhun shinkafa ya kai wannan adadi ko ya zarce shi a kasuwanni da yawa. Wanda ya raba 70,000 bisa kwana 30 zai ga magidanci na da kimanin naira 2,300 a yini, daga ciki zai ci da iyali, ya biya haya, ya hau mota zuwa aiki, ya sayi magani. Ba a kiran wannan kifaya. Sai dai wanda ke da ƙungiya yana da hanyar kuka, yana iya rufe ofis har a saurare shi, wanda ba shi da ita kuwa doka ce kaɗai gatansa, kuma ita ce ta juya masa baya.

Malamanmu na fiƙihu ba baƙin wannan mas'ala ba ne. A babin ijara, watau ɗaukar mutum aiki da lada, sun shar'anta a san aikin, a san ladan, a kuma sami yardar juna, kuma inda ƙullin ya ɓaci ko ba a ambaci lada ba, sai alƙali ya koma ga ujratul misli, watau abin da ake biyan irin wannan ma'aikaci a irin wannan aiki a wannan gari. Sun kuma yi saɓani a kan ko ya halatta hukuma ta yanke farashi, waɗansu suka hana bisa asali, waɗansu kuma, har da wata ruwaya a mazhabar Malikiyya, suka halatta idan maslahar jama'a ta bukata kuma aka ji tsoron cutarwa, da sharaɗin a tara masu sana'ar a ji ta bakinsu don kada a zalunce su su ma. Mai hankali zai ga kusancin wannan sharaɗi da tsarin zaman ɓangarori uku na Janiba. Abin da nake so a lura da shi kuwa shi ne, babu inda fukaha'u suka ce hakkin ɗan ƙwadago yana tabbata ne in ubangidansa na da yara 25, ya faɗi in 24 ne gare shi. Saboda haka mu da muke da maigadi ko 'yar aiki ko yaron shago, keɓewar da doka ta yi mana ba ta sauke mana nauyi a gaban Allah ba, kuma ya kamata kowannenmu ya zauna ya lissafa awoyin da yaronsa ke yi masa da abin da yake ba shi.

Akwai hujjar da masu kare wannan keɓewa ke kawowa, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa mai ɗan shagon da ribarsa ta wata ba ta kai 100,000 ba, in aka tilasta masa biyan yaronsa 70,000, abin da zai yi shi ne ya sallami yaron, a yi asarar ɗan abin da ake samu gaba ɗaya. Haka mai makarantar unguwa da iyayen yaranta talakawa ne. Na yarda da wannan ƙwarai. Amma abin da hujjar ta tabbatar shi ne adadi ɗaya na wata-wata bai dace da kowace sana'a ba, ba ta tabbatar da cewa a bar mutane babu kariya ko kaɗan ba. Yarjejeniya ta 26 ma ba ta ce a yanke adadi ɗaya ga ƙasa duka ba. Hanyarta ita ce a bi sana'a-sana'a, a zaunar da masu biya da masu karɓa daidai wa daida, su yanke abin da sana'ar za ta iya ɗauka. Abin mamaki kuma, tun farkon shekarun 1970 akwai doka a littattafan Nijeriya da ta ba ministan ƙwadago ikon kafa irin waɗannan kwamitoci ga duk sana'ar da ya ga ladanta ya yi ƙasa ainun, ke nan ba sabon abu za a ƙirƙiro ba.

Afirka ta Kudu ta gwada wata hanya da ta cancanci nazari. Da ta fara dokarta ranar 1 ga watan Janairu na 2019, da awa ta auna ladan, rand 20 a kowace awa, abin da ya sa mai aikin yini ɗaya da mai aikin rabin yini duk suka shiga. Ta sa ma'aikatan gona a kan rand 18 da masu aikin gida a kan 15 da farko, sa'an nan ta ɗaga su a hankali har na gona suka cim ma saura a 2021, na gida kuma a 2022. Wanda ya ga ba zai iya biya ba sai ya nemi sassauci a rubuce, ya nuna littafin kuɗinsa, a ba shi rangwame kaɗan na wa'adin da bai wuce shekara ba, kuma akwai hukuma ta dindindin da ke duba adadin kowace shekara. Ƙasar na fama da rashin aikin yi mai tsanani, kuma akwai masu karya dokar da yawa, musamman a gidaje da gonaki. Amma 'yar aikin da aka tauye a can tana da ofishin da za ta kai ƙara da ayar dokar da za ta dogara a kai, tamu kuwa ba ta da ko ɗaya.

Ko da aka yi dokar 2024, Nijeriya ba ta rattaba hannu a kan Yarjejeniya ta 131 ba, kuma ina ganin ya kamata ta yi, ko da yake sa hannu kaɗai ba ya ciyar da kowa. Makwabciyarmu Nijar ta rattaba tun 1980, amma mafi ƙarancin albashinta ya tsaya a kan sefa 30,047 tun daga 2012, fiye da shekara goma, kafin a ɗaga shi zuwa 42,000. A wajenmu an rage wa'adin sake dubawa daga shekara biyar zuwa uku, wanda ci gaba ne, sai dai a ƙasar da aka ga farashi na tashi da kashi 20 ko 30 a shekara, shekara uku ta isa ta cinye rabin darajar albashi, kuma ba daidai ba ne a ce kowane gyara sai an kashe wa asibitoci wuta kafin a same shi.

Sa'an nan ga mas'alar zartarwa, wadda a kanta gwamnatoci suka fi ba da kunya, domin an ga jihohin da suka kai ƙarshen wa'adin dokar 2019 ba su cika biyan 30,000 ga dukan ma'aikatansu ba, musamman malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi, kuma ba mu ji an hukunta kowa ba. Bayan dokar 2024 jihohi sun yi ta sanar da nasu adadin, Legas 85,000, Kaduna 72,000, Kano 71,000, kuma kason da suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun bayan janye tallafin mai, don haka uzurin rashin kuɗi ya yi rauni. Hukumar da ta jinkirta hakkin ma'aikacinta alhali tana da hali, da wane ido za ta aika sufeton ƙwadago ya tuhumi mai gidan burodi? Nijeriya ta rattaba hannu a kan Yarjejeniya ta 81 ta binciken wuraren aiki tun 1960, amma ma'aikata nawa ne a unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa ko Bompai ko Kakuri za su ce sun taɓa ganin sufeto ya zo ya tambaye su nawa ake biyansu, ba tare da manaja na tsaye a kansu ba?

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 16, ya lissafa albashin da zai riƙe mutum cikin abubuwan da gwamnati za ta nufa ga dukan 'yan ƙasa, ko da yake wannan babi ba a kai ƙara kotu a kansa. Ya kuma sa yanke mafi ƙarancin albashi cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yi wa doka, ke nan sanatoci da 'yan majalisar wakilan da muka zaɓa su ne masu alƙalamin gyara, kuma babu abin da ya wajabta musu jiran zaman sake duba albashin na 2027. Abin da nake roƙonsu, nake kuma roƙon shugabannin ƙwadago su sa a gaban bukatunsu ko da waɗannan bayin Allah ba sa biyan kuɗin ƙungiya, shi ne a auna ladan da awa da yini kamar yadda ake auna shi da wata, a kafa kwamitocin sana'a ga masu aikin gida da masu gadi da malaman makarantun kuɗi, a ba su kujera su faɗi da bakinsu abin da ake biyansu, a kuma sauko da wannan iyaka ta mutum 25. A dokar 1981 da ta 2011 iyakar mutum 50 ce, majalisa ce ta rage ta zuwa 25 a 2019, kuma majalisar na da ikon sake rage ta a kowane zama da ta ga dama.